Yadda za ku yi wa yara tatsuniya har su manta da waya

Toh iyaye, da yawanmu in yaro ya ce "Mama a yi mana labari" sai mu ce ai ba mu iya ba, ko mu miƙa masa waya ya kalli katun mu samu mu huta. Alhali abin ba ya buƙatar wata baiwa, bakinku ne kawai da minti goma ko sha biyar kafin barci. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta ce wanda bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, sannan ta ce in dai zama za a yi gara karatu da ba da labari tare da mai kula da yaron.

Abu na farko ku ajiye taku wayar nesa, ba a cinya ba, don yaro yana lura da inda idonku yake. Ku zauna daidai tsayinsa. Ku ce "ga ta nan ga ta nanku" ku yi shiru sai sun amsa "ta zo mu ji ta", kar ku ci gaba kafin su amsa, wannan amsar ita ce shigarsu cikin labarin, daga nan ba ku kaɗai ke magana ba.

Sai murya, kuma nan ne manya ke jin kunya. Gizo da tsamin bakinsa, kura da muryarta mai kauri tana haɗiyar miyau, tsohuwa tana karkarwa, in kun karanta komai da murya ɗaya kamar sanarwar rediyo wallahi minti uku ba za su yi ba sai ku ga an fara ja-in-ja da filo. Ku rage murya inda abin tsoro zai faru, ku dakata kaɗan, ku bar su su matso. In labarin yana da 'yar waƙa a tsakiya ku rera ta duk lokacin da ta zagayo, zuwa karo na uku su ne za su riga ku, ko muryarku ba daɗi ba ruwansu.

Ku dinga tsayawa kuna tambaya, amma ba irin ta jarrabawa ba. "Kuna ganin kura za ta yarda?" "Kai da kai ne me za ka yi?" Duk amsar da ya bayar ku karɓa, wani lokacin ma tasa ta fi ainihin labarin daɗi sai ku bi ta kawai. Akwai wani abin sha'awa a nan, masu nazarin tunanin yara sun daɗe da gano cewa wajen shekara 4 ne yaro ke fara gane cewa wani zai iya yarda da abin da ba gaskiya ba alhali shi yaron ya san gaskiyar. Shi ya sa ɗan shekara 3 zai yi dariya ne don muryar kura, amma ɗan shekara 5 dariyarsa daban ce, ya gane Gizo ya shirya mata gadar zare ita kuma ba ta sani ba, har za ku ji yana ihu "kar ki shiga!" Don haka ƙanana ku ba su gajere mai yawan maimaici da kukan dabbobi, manya kuma ku kawo musu na wayo da yaudara.

In yaro ya ce a sake na jiya, karo na goma kenan, dan Allah ku sake. Na san yana gundura. A 2011 Jessica Horst da abokan aikinta a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada yara 'yan shekara 3, waɗanda aka maimaita musu labari ɗaya sun fi riƙe sababbin kalmomin da ke ciki a kan waɗanda aka yi ta canja musu labarai. Kuma ku gwada canja wani abu da gangan, ku ce akuya inda jiya kuka ce tunkiya, za ku sha gyara nan take.

Abin da ni dai ba na so shi ne mai da tatsuniya wa'azi. A gama labari mai daɗi sai a zauna ana "to kun ga illar ƙarya ko", yaron ai ya gani, Gizo ya sha duka a gabansa. Mafi muni shi ne a yi wa yaro habaici da labari, wai akwai wani yaro mai fitsarin kwance, shi ya san da shi ake, 'yan uwansa ma sun sani, gobe ba zai zo ba. Dodo kuma ku auna, wani yaron yana son tsoron yana dariya, wani zai kwana yana firgita, in kun ga ya yi tsit ya ƙanƙame ku to ku sa dodon ya zame ya faɗi ko a kore shi kafin a rufe labarin.

In labaran sun ƙare muku ku ba su na lokacin da kuke ƙanana, ranar da kuka ɓata a hanya, ɓarnar da kuka yi aka kama ku, yara suna mutuwar son jin cewa Baba ma an taɓa yi masa faɗa. Wata rana kuma ku juya ku ce yau kai ne za ka yi mana. Zai haɗa kura da jirgin sama, labarin ba kai ba gindi, kar ku gyara masa, ku dai ce "sai me ya faru?" In kuma barci ya kwashe shi ana tsaka da labari ku tsaya a nan, gobe ku tambaye shi ina muka tsaya.