Yadda koci zai tsara atisayen mako a zafin Birnin Kebbi

Duk wanda ya buga ƙwallo a shekarun 1980 da 1990 ya san atisayen lokacin: a zagaya fili sau ashirin, a yi tsallen kwaɗo, sannan a raba gida biyu a buga har magariba. Wanda ya nemi ruwa a tsakiya sunansa rago. Can Ingila ma 'yan wasa kan tashi daga fili su zarce mashaya, har Arsène Wenger ya karɓi Arsenal a 1996 ya hana cakulan, ya sa ido kan ci da sha. Yau manyan kulob na sa wa ɗan wasa 'yar riga mai na'urar da ke ƙirga gudunsa. Kulob ɗin unguwa a Badariya ko Argungu ba shi da ita, kuma ba lallai ba ce. Abin da aka koya shi ne auna wahala da auna hutu, kuma agogo da usur da sikeli sun isa.

Fara da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka ko dai a fito bayan asuba a tashi ƙarfe 8, ko a jira biyar na yamma. Kowane minti 15 zuwa 20 busa usur a sha ruwa. Hukumar FIFA da kanta ta tsayar da wasan Holan da Meziko don a sha ruwa a gasar duniya ta 2014.

Minti 20 na farko na ɗumama jiki ne: sassarfa, gudun gefe, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da sauka a kan gwiwa lanƙwashe. Sai motsa jiki guda da tsofaffin kociyoyi ba su saba da shi ba. Yaro ya durƙusa a kan abu mai laushi, abokinsa ya danne masa dugadugai, shi kuma ya riƙa sulalewa gaba a hankali, ƙugu a miƙe, har ya tare ƙasa da tafin hannu. Wannan ke ƙarfafa naman bayan cinya, wanda shi ya fi tsagewa wajen gudu. A fara da biyar-biyar sau biyu, rana ɗaya a mako, a ƙara sannu a hankali. Wanda ya yi talatin ranar farko zai kwana uku yana ɗingishi.

Zagayen fili kuwa a rage shi. Ɗan wasa kan ci kusan kilomita 10 a wasa, amma da gudu da birki da juyi yake cin su, sassarfar zagaye ba ta koya masa ko ɗaya. Shata fili mai tsawon taku 40 da faɗin 30, huɗu da huɗu, a buga minti 4 a huta minti 3, har sau huɗu. Ajiye ƙwallaye a gefe. In ana bin ƙwallo cikin jeji duk lokacin da ta fita, aikin ya ɓaci. Gudun tsere na mita 30 a yi shi sau shida tun jiki bai gaji ba, da hutun minti biyu a tsakani.

In wasa ranar Asabar ne, Lahadi hutu, Litinin a sassauta, Talata da Laraba a sha wuya, Alhamis dabaru, Juma'a minti 45 na bugun kwana da bugun tazara. Inda ake yawan kuskure shi ne kocin da aka ci ya huce a kan yara da gudu washegari. Tsoka na bukatar kwana biyu zuwa uku kafin ta dawo daidai. Ka kuma tambayi yaranka ko suna buga wa wasu gasar unguwa a ɓoye, don da yawa suna yi.

Hau da kowa sikeli kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, a mayar da lita ɗaya da rabi na ruwa, wato ledar ruwa uku, a hankali cikin sa'o'i. Ga mai yawan gumi, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ta wadatar. Fitsari ya yi ja, ruwa bai isa ba.

Abinci ba sai na Turai ba. Shinkafa da wake ko tuwon shinkafa awa uku zuwa huɗu kafin wasa, mai kaɗan, yaji kaɗan. Bayan an tashi, fura da nono, ƙwai, awara ko kifin Yauri. Da azumi a mayar da aiki mai nauyi bayan buɗa-baki, na yamma ya zama taɓa ƙwallo kawai. Barci awa takwas. Yaron da ya kai sha ɗaya a gidan kallo ya ɗora da waya, kada a jira gudu daga gare shi da asuba.

Tiramol kuwa babu sassauci. Yana ɓoye ciwo har ƙaramin rauni ya zama babba, yana kama mutum, kuma WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

In an yi targaɗe, a fitar da yaro nan take. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Gashi da ruwan zafi da murza a kwana biyun farko kumburi suke ƙarawa. In ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, a kai shi asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ta.