Kurakuran masu neman jarin poker daga gasar kyauta

Kusan duk sabon ɗan poker (wasan kati na kuɗi) na intanet da labarin Annette Obrestad yake zuwa, 'yar ƙasar Norway da ta ce ba ta taɓa zuba ko sisi ba, daga gasannin kyauta, waɗanda ba a biyan kuɗin shiga amma ana cin kuɗin gaske, ta tara jari, har ta ci fam miliyan ɗaya a Landan a 2007. To, an ji. Abin da ya ishe ni shi ne yadda masu ba da labarin ke ta maimaita shirme iri ɗaya.

Babba a ciki: mutum ya kwana kan gasa da dubban mutane, da ƙyar ya samu dala 3, gari na wayewa ya kwashe ta duka ya zauna teburin da ake buga wasa da kuɗi kai tsaye. Haba malam! Wannan dala ukun ita ce uwar kuɗinka, ba riba ba ce. Ko katin A biyu ka riƙe, wanda ya fi kowane hannu, mai ƙananan tagwayen kati zai doke ka kusan sau ɗaya cikin biyar. Ranar da ɗayan nan ya faɗo kanka, ka koma sifili. Haka na ƙarar da tarin wata da watanni a zama ɗaya, har yau abin na ci mini rai.

Chris Ferguson ya tashi daga babu zuwa dala 10,000 a shafin poker na Full Tilt, amma sai da ya kwashe kusan shekara ɗaya da rabi, kuma mutum ne da ya riga ya ci kambun poker na duniya a 2000. Dokarsa: ba ya shiga teburi da fiye da kashi 5 cikin 100 na jarinsa, babbar gasa kuwa kashi 2. Ni na fi shi rowa, kashi 1 nake sawa a gasa, jari na raguwa in koma ta kyauta ba kunya.

Sai burga, wato ka nuna kamar katinka mai ƙarfi ne don a ji tsoro a janye. A farkon gasar kyauta ba wanda ke jin tsoro, tunda ba kuɗinsa ba ne. Za ka ga mutum biyar sun tura duk abin da ke gabansu da katin banza. Wa za ka yi wa burga a nan? Ka naɗe hannu, ka yi ta yar da kati kana janyewa, su cinye junansu. In mai kyau ya zo, ka danna da ƙarfi.

Kuɗin wasa na bogi yana koya maka dokoki ne kawai, tara miliyoyinsa ba gwaninta ba ce. In zuciya ta ɗebe ka bayan an cinye ka, rufe wayar. Karanta sharaɗin cire kuɗi tun kafin ka ci, kuma kada ka mai da shafin asusun ajiya: a Afrilun 2011 da hukumomin Amurka suka dira kan manyan shafukan, kuɗin 'yan wasan Full Tilt maƙalewa ya yi, wasu sai bayan shekaru suka karɓa.

Masu cewa "bari in ɗan zuba nawa in hanzarta" kuwa, sun fita daga wasan kyauta sun faɗa caca tsagwaronta, kuma kowa ya san hukuncinta a addini.