Yadda za ka zaga Alkahira cikin kwana uku ba tare da cunkoso ya cinye maka rana ba

Alkahira da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma da rana tsaka sai ka rantse kowannensu yana kan titi. Tafiyar da taswirar waya ta nuna maka kusa ce tana iya cin awa guda. Don haka dabarar ita ce kowace rana ka ba ta yanki guda, ka je da wuri, ka ƙarasa yinin a can da ƙafa.

Mataki na farko, tun kafin ka sauka, shi ne zaɓen masauki da lokaci. Nemi ɗaki kusa da dandalin Tahrir, inda tashar Sadat ta jirgin ƙarƙashin ƙasa take. Jirgin nan, wanda ya fara aiki a 1987, shi kaɗai ne cunkoso ba ya tarewa, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiyarsa. Idan da hali, ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Zafin Yuli a gaban dala, babu inuwa ko ta kara, ba abin wasa ba ne.

Mataki na biyu: ka ba Giza, inda dalolin fir'aunoni suke, ranar farko, kuma ka isa da buɗe ƙofa. Jirgin ba ya kaiwa bakin dalolin, sai ka ƙarasa da tasi ko Uber. Babbar dala ta Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500, asalin tsayinta wajen mita 146. Shiga cikinta da tikiti na daban ne, kuma ka yi tunani kafin ka saya. Za ka hau wani siririn lungu a sunkuye, gumi na zuba, masu saukowa na gogar kafaɗarka, ka ɓulla wani ɗaki na dutse wanda babu komai a ciki sai akwatin gawa fanko. Wasu na fitowa suna cewa sun ga duniya, wasu na riƙe da ƙugu suna da-na-sani. Mai ciwon gwiwa ko mai tsoron matsatsi ya tsaya waje, bai rasa komai ba. Masu raƙuma da dawakai za su tare ka. In kana so, ku gama ciniki kafin ka hau, ka tabbatar kuɗin ya haɗa da dawowa. In ba ka so, "la, shukran", wato "a'a, na gode", sau ɗaya ya isa, ka ci gaba da tafiya. Ka sauko ta wajen gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, sannan da rana ka fake a sabon babban gidan tarihin da ke kusa, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025. Kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun suna can.

Mataki na uku, rana ta biyu, shi ne tsohon birni, kuma a ganina nan ne ainihin Alkahira. Fara daga ƙofar Bab al-Futuh ka gangaro titin Al-Mu'izz, wajen kilomita guda zuwa Bab Zuwaila. Kada ka yi sauri. A hanya akwai ginin Sarki Ƙalawun na wajen 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibiti da hubbare. Ka ratsa kasuwar Khan al-Khalili, inda farashin farko gaisuwa ce kawai: yi tayi ƙasa sosai, kuma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. Tsallaken titi ga masallacin Azhar, wanda Fatimiyawa suka aza harsashinsa a 970. Cire takalmi, ka zauna a farin tsakar gidansa ka huta. Ka riƙe ƙananan kuɗi na fam ɗin Masar, domin mai gadin takalma da mai buɗe maka ƙofar hasumiya duk suna sa ran ɗan ihsani, abin da suke kira bakshish. A Bab Zuwaila ana hawa hasumiyoyin da ke bisa ƙofar, daga can ka ga rufin gidaje da ƙubbobi har iya ganinka. Idan yunwa ta taso, nemi koshari: shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙaramin wake), an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa.

Mataki na huɗu, rana ta uku, ka nufi kudu. Da safe hau ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, ka ga masallacin Muhammad Ali da birnin gaba ɗaya a ƙasanka. A gindin tudun akwai masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14. Amma in lokaci ya ƙure har sai ka zaɓi ɗaya, ni masallacin Ibn Tulun zan ce maka. An gama shi a 879, matakalar hasumiyarsa ta waje take nannaɗewa, kuma sau da yawa za ka tarar da makeken filinsa shiru, daga kai sai tattabaru. Daga nan ka wuce tsohuwar unguwar Fustat: masallacin Amr ibn al-As, na farko a ƙasar Masar, da tsofaffin cocin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mar Girgis, da gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 na zamanin fir'aunoni a 2021.

Abu biyu ka sa a lissafi. Ranar Juma'a da safe tituna a sake suke, lokaci ne mai kyau na doguwar tafiya, amma ba a yawon kallo a masallatai lokacin salla. Sannan ka bar yammacin ranar ƙarshe babu komai a kai. Gangara bakin kogin Nilu dab da faɗuwar rana, ka yi ciniki da mai faluka, ƙaramin jirgin nan da iska ke turawa, na awa guda. Ka ɗauki riga mai kauri in lokacin sanyi ne, don iskar kan ruwa tana da cizo bayan magariba.