Ga wanda aka yi wa rasuwa yake jin kamar ya rasa kansa

Salam 'yan uwa. Akwai abin da ba a cika faɗa ba bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa. Wadda ta yi shekaru tana jinyar mahaifiyarta, sai ta farka da asuba hannunta ya kai kan kwalbar magani kafin ta tuna babu mai sha, ta zauna bakin gado ta rasa ita wacece yanzu. Wani kuma sallar ce zai ji ba ta shigarsa, har ya fara tsoron ko imaninsa ne ya tafi. Wallahi ba haka bane, zuciya ce ta gaji, ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Don Allah kar ka ɗora wa kanka nafilfili masu yawa yanzu, riƙe farilla ko da daƙyar ne. Sannan daidai lokacin nan da ka saba kiransa a waya, ko kai masa magani, ka zauna ka yi masa addu'a da sunansa, da bakinka yadda maganar ta zo, ko kuka ya katse ka ci gaba.

In kuma makonni suka wuce ba barci ba cin abinci, a je a ga likita, wannan bai taɓa tawakkali ba.