Yadda matashi zai zama masanin inganta irin shuka a Gana

Masarar Obatanpa da manoma da yawa suka sani ba daga sama ta faɗo ba. Cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua, kusa da Kumasi, wadda ke ƙarƙashin hukumar binciken kimiyya ta ƙasa (CSIR), ita ce ta fitar da ita a 1992, kuma an zaɓe ta ne saboda ingancin furotin ɗinta. Masu irin wannan aiki su ne masana inganta iri, kuma ɗan Aboabo ko Asawase na iya zama ɗaya daga cikinsu idan ya bi hanyar tun da wuri.

Hanyar tana farawa daga sakandare. Ka zaɓi ɓangaren kimiyya ko na noma, ka dage da nazarin halittu da sinadarai, kuma kada ka raina lissafi, domin shi ne yake kayar da mutane daga baya. Bayan WASSCE, sai digiri na farko a kimiyyar noma a KNUST ko wata jami'a. Idan lokacin bautar ƙasa ya zo, ka nemi a tura ka cibiyar bincike, ko Fumesua ko SARI da ke Nyankpala, domin shekara ɗaya a gonar gwaji tana koyar da abin da aji ba ya koyarwa. Mai son jagorantar bincike yana buƙatar digiri na biyu ko na uku, kuma cibiyar WACCI da ke Jami'ar Gana a Legon, wadda aka kafa a 2007, an gina ta ne don horar da irin waɗannan masana.

Aikin kansa na hannu ne da haƙuri. A masara, za ka rufe goyonta da leda tun kafin gemu ya fito, ka tara ƙurar fure daga saman karan da ka zaɓa a cikin jakar takarda, sannan da safe ka zuba ta a kan gemun, ka rubuta sunan iyayen, wato shukokin biyu da ka haɗa, a jikin jakar. Kuskure ɗaya a lakabi yana ɓata aikin damina guda, shi ya sa nake ganin tsabtar rubutu ta fi kaifin basira muhimmanci a wannan sana'a. Kafin iri ya daidaita, sai an maimaita barbararsa da kansa sau shida ko bakwai. Yankin Kumasi yana da damina biyu a shekara, abin da ke rage jiran, amma duk da haka sabon iri kan ci shekaru da dama kafin a gwada shi a wurare daban-daban, kwamitin ƙasa ya amince da shi.

Ka koyi ƙididdiga da R, manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma, domin sai da su za ka rarrabe irin da ya yi kyau saboda halin da ya gada da wanda ya yi sa'ar samun ƙasa mai taki kawai.

Sannan ka koyi sauraro. Waken da ya jure tsutsa da wuta-wuta amma yake daɗewa a tukunya, mai sayar da waakye ba za ta sake sayensa ba, manomi kuma zai daina shuka shi. A nan Hausarka jari ce, domin da ita za ka tambayi dillalan hatsi a kasuwa irin launi da girman ƙwayar da masu saye suke nema, tun kafin ka zaɓi iyayen da za ka haɗa.