Yadda za ka auna labarin Rasha kafin ka kai shi majalisa

Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, manyan ƙasashen Yamma sun sha faɗin abin da zai sami Rasha, kuma sau da yawa shiru kake ji. An ce takunkumi zai durƙusar da ita cikin 'yan watanni. An ce talakawanta za su gaji su tunɓuke Putin. Mu nan ƙasar Auyo mukan ji wannan a rediyo bayan isha'i, gari ya waye mu je sayen takin alkama mu tarar buhu ya ƙara kuɗi. Na koyar da tarihi a sakandare kafin in yi ritaya in koma gona, shi ya sa samari ke yawan tare ni da tambaya: "Malam, wai Turawan nan duk iliminsu ba su san Rasha ba ne?" Sun santa a takarda. Abin da suke yawan yi shi ne su ɗauka abin da zai tsorata su shi zai tsorata ta, abin da zai burge su shi zai burge ta. Ga yadda nake bi da kowane labari kafin in yarda da shi.

Fara da taswira, ko ta cikin wayarka ce. Rasha ta ninka Najeriya wajen sau 18 a faɗin ƙasa, amma mun fi ta yawan jama'a. Daga Folan zuwa Mosko shimfiɗaɗɗen fili ne, babu teku, babu wani tsaunin kirki da zai tare runduna. Ta nan sojojin Folan suka zo suka zauna a Mosko daga 1610 zuwa 1612. Ta nan Napoliyon ya biyo a 1812. Ta nan Hitila ya shigo ranar 22 ga Yunin 1941, kuma kafin yaƙin ya ƙare Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27, Rashawa da 'yan Yukiren da 'yan Belarus da sauransu. Amurka a yaƙin nan ba ta rasa rabin miliyan ba, kuma teku biyu ne suka sa ta a tsakiya. Birnin Leningirad kaɗai an yi masa ƙawanya kwana 872, mutane suka riƙa faɗuwa a kan titi saboda yunwa. Yayan Putin, wanda bai taɓa gani ba, yana cikin yaran da suka mutu a wannan ƙawanya. Don haka in ka ji wani jami'in Amurka yana mamakin me ya sa Rasha ke ɗaga jijiyar wuya kan makaman da aka girke kusa da iyakarta, alhali ba wanda ke shirin kai mata hari, ka tuna wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Daga nan sai ka tambayi kanka: shekarun 1990 fa, mai wannan sharhin ya sako su a lissafi? Nan ne aka fi yin ɓatan kai, don haka zan ɗan daɗe a kai. A wajen Turawan Yamma, rushewar Tarayyar Sobiyet a Disambar 1991 ranar farin ciki ce, kwaminisanci ya faɗi, 'yanci ya samu. A wajen ma'aikacin masana'anta a Rasha kuwa, ranar ce aka fara baƙar wahala. A farkon 1992 gwamnatin Yeltsin ta saki farashin kaya lokaci guda, bisa tsarin da masana tattalin arzikin Yamma suka goya wa baya. A wannan shekara farashi ya ninka fiye da sau ashirin. Tsohuwar da ta shekara talatin tana tara kuɗi a asusu ta wayi gari abin da ta tara bai fi na cefanen 'yan kwanaki ba. Malamai da masu haƙar kwal suka yi watanni ba albashi. Wasu masana'antu da kayan da suke ƙerawa suke biyan ma'aikata, mutum ya tsaya bakin hanya yana tallar tukwane ko tawul don ya sayi burodi. Rijiyoyin mai da ma'adinan ƙasa kuwa aka sayar wa wasu 'yan tsiraru a arha ɓagas. Zuwa 1994 matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya sauko ƙasa da shekara 60. A 1993 Yeltsin ya sa tankokin yaƙi suka buɗe wa ginin majalisar dokoki wuta, ƙasashen Yamma suka ci gaba da kiran sa ɗan dimokuraɗiyya. A Agustan 1998 gwamnati ta kasa biyan bashinta, kuɗin ƙasar ya sake rugujewa. Duk wanda ya ga zamanin SAP a nan, lokacin Babangida, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Putin ya karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1999, ya yi sa'a farashin mai ya tashi, albashi da fansho suka fara zuwa a kan kari. Dattijon Rasha da ke zaɓensa ba lalle ne yana ƙaunarsa ba, yana tuna abin da ya gabace shi ne. Ga ma'auni mai sauƙi. Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet na ƙarshe, wanda Turawa suka ba kyautar Nobel a 1990 suna yi masa kirari, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1996 bai samu ko kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u ba. In ka ji an yabi wani ɗan siyasar Rasha a Landan ko Washinton, bincika ƙuri'a nawa yake da ita a gida.

Sai ka duba bakin wa aka ji labarin. Mun saba ganin baƙi masu farar mota da ke zuwa ƙauye binciken matsalar manoma. Su sauka a zauren dagaci, su zanta da yaron da ke jin Turanci, su sha ruwan roba, kafin la'asar sun juya, su rubuta cewa sun ji ra'ayin gari. Mai ban ruwa a fadama da matar da ke surfe a cikin gida ba wanda ya tambaye su. Haka jakadu da 'yan jaridar Yamma suka daɗe suna yi: abokan hirarsu 'yan bokon Mosko da San Fitasbag ne, masu jin Ingilishi, masu tunani irin nasu. Amma yawancin Rashawa suna ƙananan birane da ƙauyuka ne, talabijin ɗin gwamnati suke kallo, da yawansu suna noma dankali da kabeji a ɗan lambunsu. Akwai kuma miliyoyin Musulmi a Tatarstan da Dagestan da Checheniya. Alexei Navalny, ɗan adawar Putin, jarumi ne, ya mutu a kurkuku a Fabrairun 2024, kuma ya taɓa samun kashi 27 a zaɓen magajin garin Mosko a 2013. Amma Mosko ke nan. Ƙuri'ar jin ra'ayi ma ka riƙe ta da hannu biyu: tun Maris ɗin 2022 akwai dokar da za ta iya ɗaure mutum shekara 15 kan abin da hukuma ta kira yaɗa ƙarya game da soja. In baƙo ya kira ka a waya ya ce kana goyon bayan yaƙi, me za ka ce masa? Wanda ya ce duk Rashawa suna bayan Putin, da wanda ya ce duk sun tsane shi tsoro ne ya hana su magana, dukkansu sun faɗi abin da ba su da hanyar tabbatarwa.

Kada kuma ka yarda a mayar maka da ƙasa guda ta zama halin mutum ɗaya. A 2001 Shugaba Bush ya gana da Putin a Siloveniya ya fito ya ce ya kalli idonsa ya gane mutum ne abin amincewa. Bayan shekaru kuma aka koma cewa mahaukaci ne, ko ciwo ke cin sa. Duk biyun hanyar guje wa karatu ce. Abin da ya fi amfani shi ne ka bi abin da shugabannin Rasha suka daɗe suna nanatawa. A 1990 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya ce wa Gorbachev ƙungiyar NATO, ƙawancen sojan Amurka da ƙasashen Yamma, ba za ta matsa gabas ko da inci ɗaya ba. Ba a rubuta wannan a wata yarjejeniya ba, kuma har yau ana gardama kan ko Jamus kaɗai yake nufi. Rashawa dai alkawari suka ɗauke shi. A 1999 Folan da Hangari da Jamhuriyar Cek suka shiga NATO, a 2004 ƙasashen Baltik uku, Estoniya da Latbiya da Lituweniya, suka biyo baya. George Kennan, dattijon da ya fi kowa sanin Rasha a cikin jami'an Amurka, ya yi gargaɗi tun 1997 cewa wannan babban kuskure ne. Putin ya faɗi ƙorafinsa ƙarara a Munik a 2007. William Burns, jakadan Amurka a Mosko a lokacin, ya rubuta wa gida a 2008 cewa shigar da Yukiren NATO abu ne da manyan Rasha gaba ɗaya ba za su lamunta ba, har masu adawa da Putin. A shekarar ce kuma taron NATO a Bukares ya ce Yukiren da Jojiya za su zama mambobi, ba tare da sa rana ba, ba tare da ba su kariya ba. Masu sani suna nan, ba a saurare su ba ne, domin ɗan siyasa zaɓe mai zuwa yake kallo.

In labarin takunkumi ne, tambaya ɗaya ta isa: wa ya ƙi saye, wa ya karɓa? An ƙwace wa Rasha damar taɓa ajiyarta ta wajen dala biliyan 300, amma Indiya da Sin suka buɗe hannu suka kwashi mai da rangwame. Ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da alkama, kuma da ita da Belarus suna cikin manyan masu sayar da sinadarin fotash da ake haɗa takin NPK da shi. Irin wannan kaya ba ya rasa mai saye.

To, yanzu juya ma'aunin nan ka ɗora shi kan Mosko, don nan ne samarinmu suke zamewa. Sanin dalilin mutum daban, ba shi gaskiya daban. 'Yan Folan da Estoniya ba jan su aka yi zuwa NATO ba, da ƙafarsu suka ruga, domin su ma suna da nasu macijin, kuma daga Mosko ya fito. A 1994 Yukiren ta yarda ta miƙa makaman nukiliyar da ke ƙasarta, Rasha ta sa hannu a Budafes cewa za ta mutunta iyakokinta. A 2014 ta ƙwace Kirimiya. A 2022 kuma fadar Kremlin ta tafka irin kuskuren da take zargin Turawa da shi: ta saurari masu faɗa mata abin da take son ji, ta ɗauka Kiyef, babban birnin Yukiren, za ta faɗi cikin 'yan kwanaki, sai ga sojojinta sun janye daga kewayen birnin a farkon Afrilu. Yaƙin da aka ce don hana NATO matsowa ne ya sa Finlan, mai iyakar fiye da kilomita 1,300 da Rasha, ta shiga ƙungiyar a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024.

Mu ma muna da namu rabon a wannan ruɗani. Gaskiya ne lokacin yaƙin basasa jiragen yaƙin Sobiyet a Kano aka sauke su a 1967, kuma kamfaninsu ne ya gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. Amma lokacin zanga-zangar Agustan 2024, da yara suka ɗaga tutar Rasha a Kano har aka kama teloli, na tambayi wani ɗan ƙanena da ke yaba abin ko ya san yadda sojojin Rasha suka yi da birnin Grozni na Musulmin Checheniya a yaƙe-yaƙen 1994 da 1999. Ya ce, "Baffa, ina ne nan?" Shi haushin tsadar masara yake ji, kuma yana ganin Nijar da Mali sun kori Faransa sun kira Rasha. In kana so ka san abin da zuwan nasu ya haifar, kada ka tsaya ga bidiyon TikTok. Je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka sami fataken dabbobi da suka ƙetaro daga Nijar, ka tambaye su ko hanya ta fi tsaro yanzu, da kuma nawa suke sayen buhun gero.