Kurakuran da masu ɗaure ƙwaron fatsa ke yi wajen zaɓen ƙugiya

Matasan da suka fara ɗaure gashin zakara ko na zabo a jikin ƙugiya don ya yi kama da ƙwaro suna ɓata lokaci kan launin gashi, ƙugiyar kuwa duk wadda aka miƙo musu a kasuwar Sabon Gari ita ke nan. Sai an je bakin kogin Galma ko Kubanni a Zariya, kifi ya kama, sannan ƙugiya ta miƙe ko ta karye, a dawo ana zargin zare.

Babban kuskure shi ne ɗaure ƙwaro a kan ƙugiyar da ba a gwada ba. Ingancin ƙugiya yana wajen yadda aka gasa ƙarfenta aka sanyaya shi, kuma ido ba ya ganin wannan. In ƙarfen ya yi tauri fiye da kima, sai ya ɓalle a lanƙwasa ko a gindin ɗan haƙorin da ke bayan tsini. In bai ji wuta yadda ya kamata ba, sai ya buɗe kamar wayar ɗauri da zarar tarwada ta ja. Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Daga kowane kwali ka zaro biyu ko uku, ka kama lanƙwasar da filaya, ka ɗan tura idon, wato zoben da ake ɗaura zare, gefe da yatsa ka saki. Mai kyau za ta dawo daidai inda take. Wadda ta tsaya a karkace laushi gare ta, wadda ta karye kuma ba sai an yi bayani ba. Ni dai in biyu suka faɗi gwajin, kwalin gaba ɗaya nake ajiyewa gefe. Haba, mutum ya shafe minti 20 yana naɗa zare da gashi a kan abin da ya ƙi ba minti ɗaya! Kuma in ƙugiya ta buɗe a bakin kifi, kada ka mayar da ita da filaya ka ci gaba. Ƙarfen ya riga ya gaji a wurin, karo na biyu karyewa zai yi.

Sunan da ke jikin kwali ma ba ya ɗauke maka wannan gwaji. Kamfanoni irin su Mustad ta Nowe da Tiemco da Gamakatsu na Japan sun yi suna ne saboda ƙarfensu ba ya bambanta sosai daga wannan ƙugiya zuwa waccan, amma kwali daban, abin da aka zuba a ciki daban, musamman in ɗai-ɗai ake ƙirgo maka.

Na biyu, tsatsa, kuma wannan ganganci ne tsagwaronsa. Ana cire ƙwaro daga ruwa a jefa shi cikin gwangwani a rufe. Zare da gashi suna riƙe ruwa a jikin ƙarfe, tsatsa ta ci ta ƙarƙashi inda ba a gani. Ƙugiya mai launin tagulla ita ta fi saurin kamuwa, baƙa mai rufin nikel ta fi jurewa. Da damina, musamman a watan Agusta, kwana biyu a rufe ya isa. Ka soka waɗanda suka jiƙe a jikin soso daban, ka bar su a buɗe su kwana, sai sun bushe su koma cikin 'yan'uwansu. In ka ga jan tabo ya ɓullo ta cikin farin zare, yanke gashin ka jefar da ƙugiyar. Guda ɗaya mai tsatsa tana ɓata na kusa da ita.

Kaurin waya shi ma a dube shi. Siririya don ƙwaron da zai yi yawo a saman ruwa ne, irin na karfasa. Tarwada da ragon ruwa sai mai kauri, wadda ake rubuta 2X a kwalinta tare da alamar ƙarfi, ko wadda aka daddale gefen lanƙwasarta.

Lambar girman ƙugiya tana rikita sababbi: 12 ta fi 6 ƙanƙanta, amma 2/0 ta fi 1/0 girma. Lamba 8 ta wannan kamfani ba lallai ta zo daidai da ta wancan ba, don haka ka riƙe tsohuwa a aljihu ka gwada.

Duba ido kafin ka biya. In bai rufe ruf ba, bakin wayar zai yanke zare a wajen ƙulli.

Tsini kuma a kan farce ake gwada shi. Ja shi a hankali a kan farcen babban yatsa: in ya maƙale yana da kaifi, in ya zame ka shafa shi sau uku ko huɗu a kowane gefe da ɗan dutsen wasawa, daga wajen lanƙwasa zuwa tsini. Ka sake dubawa duk lokacin da ƙugiya ta bugi dutse.